Yadda ake haɗa biodizal da man dizal, a auna ƙarfin inji da hayaƙinsa

Injin dizal mai lafiya zai sha haɗin B20, wato dizal mai kashi 20 cikin 100 na biodizal (man da ake sarrafawa daga man tsiro ko kitse), ba tare da direba ko mai janareta ya ji wani bambanci a ƙarfinsa ba. Zai ɗan ƙara shan mai, baƙin hayaƙi zai ragu, wata iskar da ido ba ya gani kuma za ta ɗan ƙaru. Haka abin yake muddin man na kirki ne, tankin kuma wankakke. Da zarar ɗaya daga cikin biyun nan ya kauce, filta za ta toshe, tiyo zai fara zufa, mai inji ya ɗora wa biodizal laifin da na datti ne ko na man da ba a gama sarrafawa ba. Shi ya sa aikin yake farawa tun daga ganga, tun kafin mai ya kai bakin tanki.

Harafin B da lambar da ke biye da shi suna nuna yawan biodizal a cikin haɗin, a ma'aunin lita. B5 kashi 5 cikin 100 ne, B20 kashi 20, B100 kuma biodizal ne zalla. Ƙa'idar man dizal ta Turai, EN 590, ta yarda da har kashi 7, ta Amurka kuma, ASTM D975, har kashi 5, ba tare da an ɗauke shi wani mai daban ba. Indunusiya ta wajabta B30 a 2020, ta ƙara zuwa B35 a 2023, da man ja take yin nata.

Mataki na farko: tabbatar da abin da ke cikin ganga

Ɗanyen man tsiro, ko na waken soya ne ko man ja ko ragowar man suya, bai zama biodizal ba sai an haɗa shi da methanol da wani sinadari mai ƙarfi irin su soda, an raba gilisirin daga jikinsa, an wanke shi, an busar. Kusan kashi 10 na nauyin man yake fita a matsayin gilisirin. Dalilin duk wannan wahala shi ne kauri. A zafin digiri 40, kaurin man dizal yana tsakanin 2.0 da 4.5 a ma'aunin da ake amfani da shi, na biodizal mai bin ƙa'idar EN 14214 yana tsakanin 3.5 da 5.0, na ɗanyen mai kuwa ya haura 30. Mai kauri haka ba ya fesuwa da kyau daga nozul. Yakan fito da manyan ɗigo, wani ya ƙone rabi, wani ya manne a bakin nozul ya zama gawayi, wani ya zurara ta gefen fistin ya sauka cikin baƙin mai. Wanda ya tsiyaya ɗanyen mai cikin dizal ya kira shi B20 ya yaudari kansa, kuma injin zai nuna masa bayan 'yan watanni.

Idan saye za ka yi, nemi takardar gwajin ɗakin bincike ta wannan rukunin man da ke gabanka, ka duba ko ya cika EN 14214 ko ASTM D6751. Lambobin da suka fi shafar inji a ƙa'idar Turai su ne: ruwa kada ya wuce miligiram 500 a kilo guda, ragowar methanol kada ta wuce kashi 0.2, gilisirin da ke yawo a sake kada ya wuce kashi 0.02, jimillarsa kada ta wuce kashi 0.25, tsami kada ya wuce 0.5, sannan man ya jure awa 8 a gwajin da ake hura masa iska a zafin digiri 110. Wannan na ƙarshe shi ke gaya maka ko man zai iya zama a tanki ko zai lalace da wuri.

Akwai gwaje-gwaje uku da ake yi da hannu. Ba su kai na ɗakin bincike ba, amma suna kama mummunan mai. Zuba mililita 27 na methanol a kwalba mai tsabta, ƙara mililita 3 na biodizal, a zafin da ke kusa da digiri 20, ka girgiza ka ajiye. Man da ya sarrafu sosai zai narke gaba ɗaya, ruwan ya fito garau. Idan ka ga ɗigon mai ya kwanta a gindin kwalbar kamar ƙwayar tsakiya, wannan ɗanyen mai ne da bai juya ba. Methanol guba ne, yana makantarwa, yana kuma kamawa da wuta cikin sauƙi, don haka a yi wannan a fili da safar hannu. Na biyu, haɗa biodizal da ruwa daidai wa daida a kwalba, girgiza da ƙarfi, bar shi rabin awa. Ya kamata su rabu sarai, mai a sama, ruwa a ƙasa. Idan farin abu mai kama da madara ya tsaya a tsakani ya ƙi rabuwa, akwai sabulu a ciki. Na uku, ɗiga man a kan faranti mai zafi. Idan ya yi ta tartsatsi, akwai ruwa.

Mataki na biyu: duba injin da kayan da man zai taɓa

Buɗe littafin injin tukuna. Kamfanoni da yawa sun yarda da B20 a injinan da suka ƙera a shekarun baya-bayan nan, wasu kuma sun tsaya a B5 ko B7, musamman a ƙananan motoci masu matatar kunkunniya a salansa. Wuce abin da suka rubuta na iya zubar da garanti.

Biodizal yana cin wasu nau'o'in roba. Robar asali da robar nitiril, waɗanda aka yi tiyo da zoben toshe mai da su a tsofaffin injina, sukan kumbura, su yi laushi, daga baya su tsage. A B20 abin yana tafiya a hankali, a B100 kuwa makonni kaɗan sun isa. Bi layin mai da hannu daga tanki zuwa famfo, da layin da ke mayar da rarar mai. Tiyon da ka matsa ka ji yana manne wa yatsa, ko ka ga jikinsa yana ƙyalli kamar ya yi gumi, a canza shi da irin na robar Viton ko wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana ɗaukar biodizal. Jan ƙarfe, tagulla, dalma, kuza da tutiya ma ba sa shiri da shi: suna hanzarta lalacewar man, su haifar da laka mai toshe filta. Tankin da aka shafe cikinsa da tutiya bai dace ba sam. Baƙin ƙarfe, ƙarfen da ba ya tsatsa da alminiyam duk suna da kyau.

Sai tanki. A nan gizo ke saƙar. Man dizal yakan bar dauɗa a bangon tanki tsawon shekaru, ta kwanta shiru ba ta damun kowa. Biodizal yana da halin narkar da abu, sai ya ɓamɓaro ta gaba ɗaya ya tura wa filta. Kwance magudanar da ke gindin tanki, tari abin da ya fito a kwalba mai haske, ka duba. Ruwa zai kwanta a ƙasa, laka kuma ta yi duhu. Idan ka ga wani abu baƙi mai yauƙi a tsakanin ruwa da mai, ƙananan halittu irin su bakteriya ne suka yi gida a wurin, kuma biodizal abinci ne mai daɗi a gare su fiye da dizal. Irin wannan tanki sai an sauke an wanke. Sa sabuwar filta, ka ajiye wasu biyu a kusa, don za ka buƙace su.

Mataki na uku: lissafi da haɗawa

Don cika ganga mai lita 200 da B20 daga dizal zalla, lita 160 na dizal da lita 40 na biodizal ake buƙata. Amma dizal ɗin da ake sayarwa a ƙasashe da yawa ya riga ya zo da nasa biodizal. Idan B7 ne a hannunka, lita 172 nasa na ɗauke da kusan lita 12 na biodizal, don haka lita 28 kawai za ka ƙara. Wanda bai lura da wannan ba ya zuba 40, abin da ya haɗa ya kusa B26, ya wuce iyakar da littafin injin ya ba shi bai sani ba.

Biodizal ya fi dizal nauyi. Lita guda tasa tana kusan giram 880, ta dizal kusan giram 835. Saboda haka dizal ake fara zubawa, a zuba biodizal a kai, ya nutse yana ratsawa. Idan aka juya tsarin, biodizal zai kwanta a gindi, famfo ya fara jan kusan B100, daga baya ya koma jan kusan dizal zalla. Bayan zubawa a juya man da ƙaramin famfo, yana ja daga ƙasa yana mayarwa sama, har duk abin da ke ganga ya zagaya sau biyu ko uku. Da zarar sun gauraya ba sa sake rabuwa. Don tabbatarwa, ɗebi samfur daga sama da daga ƙasa, auna nauyin lita guda na kowanne. B20 zai ba da kusan giram 844. Bambancin giram 5 kacal tsakanin sama da ƙasa yana nufin haɗin ya bambanta da kusan kashi 11, wato aikin juyawa bai ƙare ba.

Sanyi yana da nasa hukunci. Biodizal na man ja ko na kitsen dabba yakan fara yin hazo, ƙananan ƙwayoyin kaki suna fitowa, tun a zafin digiri 13 zuwa 16. Na waken soya sai an kusa sifiri. Kada a haɗa biodizal ɗin da ya riga ya yi hazo da dizal mai sanyi; a ɗumama shi ya washe tukuna. Hanya mai sauƙi ta sanin iyakar haɗinka ita ce ka sa samfur a firji da ma'aunin zafi a ciki, kana dubawa, ka rubuta zafin da ya fara dishi-dishi. Idan daren wurin da injin ke aiki yana kaiwa nan, rage yawan biodizal.

A tsohon inji gara a hau a hankali: tanki biyu ko uku na B5, sannan B10, sannan B20. Dauɗar za ta fito kaɗan-kaɗan maimakon ta taho lokaci guda a tsakiyar aiki.

Mataki na huɗu: auna ƙarfi da shan mai

Abin da ya kamata ka yi tsammani lissafi ne mai sauƙi. Kusan kashi 11 na nauyin biodizal iskar oksijin ce, ita kuwa ba ta ba da zafi. Kilo guda na dizal yana ɗauke da kusan megajul 43, na biodizal kusan 37. Da yake biodizal ya fi nauyi, giɓin yana raguwa idan da lita aka auna: kusan 36 da 33. B100 ke nan ya gaza da kusan kashi 8 a kowace lita, B20 da ƙasa da kashi 2. Injin da ba a cika masa kaya ba ba ya nuna wannan a ƙarfi, domin na'urar da ke daidaita gudunsa ko ƙafar direba za ta ƙara mai kaɗan ta cike. Sai a cikakken kaya, inda famfo ya kai iyakarsa, ragin ke bayyana.

Janareta ya fi sauƙin gwadawa. Cire tiyon jan mai da na mayarwa daga tanki, sa su biyun cikin jarka ɗaya, ɗora jarkar a kan sikeli. Mantawa da tiyon mayarwa shi ne kuskuren da ya fi ɓata wannan gwaji, domin injin dizal yana jan mai fiye da wanda yake ƙonawa, ya mayar da saura. Fara da dizal ɗin da ka saba. Bar injin ya yi zafi na minti 20 zuwa 30. Ɗora masa kaya marar canzawa, irin su hita ko fitilu masu waya, ba abin da ke kunna kansa yana kashewa ba. Auna a kashi 25, 50 da 75 na ƙarfinsa, minti 15 kowanne, ka maimaita sau uku. Rubuta nauyin man da ya sha, wutar da ya ba da, zafin iskar waje, da zafin hayaƙi idan kana da ma'auni. Sannan koma kan B20, bar injin ya yi aiki har tsohon man da ke filta da famfo ya ƙare, ka maimaita komai a rana ɗaya ko a yanayi iri ɗaya.

Ga yadda lissafin ke tafiya. A ce janareta yana ba da kilowat 20 na minti 15, wato kilowat-awa 5, ya sha giram 1,350 na dizal. Raba 1,350 da 5, giram 270 ke nan a kowane kilowat-awa. Da B20 ya kamata ka ga kusan giram 1,390, ƙarin kusan kashi 3 a nauyi, wanda idan aka mayar lita bai kai kashi 2 ba. Idan naka ya nuna ƙarin kashi 8 ko 10, kada ka karɓa a matsayin halin biodizal. Nemi iska a layin mai, filtar da ta fara toshewa, ko haɗin da ya fi ƙarfin da kake zato. A mota kuwa tanki ɗaya bai isa shaida ba, domin iska, kaya da ƙafar direba suna kawo bambancin da ya fi kashi 2 nesa. Sai an bi hanya ɗaya da direba ɗaya tankuna da yawa.

Akwai riba biyu da sikeli ba ya nunawa. Biodizal yana da santsi, kashi 1 zuwa 2 nasa ya isa ya mayar wa dizal ɗin da aka cire wa farar wuta santsin da famfo da injekta ke buƙata. Yana kuma saurin kamawa a cikin silinda, musamman na man ja da na kitse, shi ya sa wasu injinan ke rage ƙara.

Mataki na biyar: hayaƙi

A 2002 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a manyan injinan motocin ɗaukar kaya. Da B20, ƙurar kunkunniya ta ragu da kusan kashi 10, iskar kabon monoksaid da kashi 11, man da ke fita bai ƙone ba da kashi 21, iskar NOx (haɗin naitrojin da oksijin) kuma ta ƙaru da kashi 2. Da B100 kunkunniya ta ragu da kusan kashi 47, NOx ta ƙaru da kashi 10. Injinan da aka gwada na kafin 1998 ne galibi, don haka lambobin sun fi dacewa da injin da ba shi da na'urorin tace hayaƙi.

Dalilin raguwar kunkunniya a fili yake. Tana samuwa ne a tsakiyar feshin mai, inda mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Biodizal yana shiga wurin da tasa oksijin a jikinsa, ba shi kuma da sinadaran nan masu ƙamshi da ke saurin zama baƙin hayaƙi. Na NOx ya fi sarƙaƙiya. Ita iska ce da ke samuwa idan zafin ƙonewa ya yi tsanani, tana ƙona huhu, tana tayar da asma, kuma ba za ka gan ta a bakin salansa ba. Biodizal ba ya matsuwa kamar dizal, don haka a tsohon famfo mai dogon bututun ƙarfe, bugun famfo yakan isa nozul da ɗan sauri, feshi ya fara kafin lokacinsa, zafi ya ƙaru. Raguwar kunkunniya ma na taimakawa, domin kunkunniya na ɗauke wani zafi daga harshen wuta. Irin man ma yana da tasiri: na waken soya ya fi ƙara NOx, na man ja da na kitse ba su kai shi ba. Ka ga ke nan man da ya fi kyau a hayaƙi shi ne ya fi saurin daskarewa, dole a zaɓa bisa yanayin wurin aiki.

Baƙin hayaƙi ana auna shi da na'urar da ke harba haske ta cikin hayaƙin ta ga nawa ya tsallake. Injin ya yi zafi, giya a sake, a taka totur ƙasa da sauri, a saki, a yi ta share fage sau biyu ko uku, sannan a ɗauki matsakaicin awo uku. Inda babu na'ura, farar takardar tacewa da aka riƙe a nisa ɗaya na daƙiƙu ɗaya a kaya ɗaya za ta nuna bambanci idan an jera ta dizal da ta B20 gefe da gefe. Lamba ba za ta ba ka ba, amma ido zai gani. NOx da kabon monoksaid sai da na'urar auna iska mai sanda da ake sokawa cikin salansa. Duk wannan a fili ake yi. Kabon monoksaid ba shi da wari, yana kisa a rufaffen ɗaki ko da wane mai injin ke sha.

Idan NOx ta tashi fiye da yadda doka ta yarda, a tsohon inji makanike na iya jinkirta lokacin feshi da digiri 1 ko 2 na juyawar inji. Wannan yana rage ta, amma yana mayar da wani ɓangare na baƙin hayaƙi da shan mai, don haka a sake aunawa bayan gyaran. A sabon inji mai fesa ruwan yuriya a salansa, na'urar kan shanye yawancin ƙarin. Abin tsoro a irin waɗannan injina shi ne ragowar soda, fotasiyam da fosfaras a man da ba a wanke da kyau ba, domin suna zama toka a matatar kunkunniya, su kuma kashe sinadarin da ke tsabtace hayaƙin.

Iskar kabon dayoksaid da ke fita daga salansa kusan ɗaya ce da ta dizal. Ribar tana wurin tsiron da ya shaƙe ta yana girma. Wani nazari na ma'aikatun makamashi da noma na Amurka a 1998 ya ƙiyasta ragin kashi 78 ga B100 na waken soya. Idan kuwa daji aka sare don a shuka abin da za a matse, ribar na iya zubewa gaba ɗaya. Ragowar man suya ya tsira daga wannan matsala.

Mataki na shida: makonnin farko da bayansu

Injin da ya fara rasa ƙarfi a hawa ko a cikakken kaya bayan tanki na farko ko na biyu, filta ce. Canza ta, ka yanka tsohuwar ka buɗe takardarta. Baƙar laka ko jan tsatsa daga tanki suke, kuma za su ƙare bayan canji ɗaya ko biyu. Farin abu mai kama da man shafawa kaki ne ko mai da bai gama juyawa ba. Abu mai danƙo launin ruwan ƙasa mai warin tsohon fenti kuwa mai ne da ya tsufa ya yi tsami, kuma shi ne mafi haɗari ga injekta na zamani, waɗanda ke aiki a matsin da ya kai 1,600 zuwa sama da 2,000 a ma'aunin bar, ratar da ke cikinsu ta fi gashi siranta.

Duba sandar baƙin mai kowane mako. Dizal ɗin da ya zurara cikin baƙin mai yakan ƙafe idan inji ya yi zafi, biodizal kuwa sai a kusan digiri 330 zuwa 350 yake tafasa, don haka yana taruwa. Abin ya fi tsanani a motocin da ke fesa ƙarin mai a ƙarshen bugun fistin don ƙona kunkunniyar da ta taru a matata. Idan ka ga baƙin mai yana hawa sama da alama maimakon ya ragu, ko ya tsinke a yatsa, a juye shi nan take, a kuma rage tazarar juye kamar yadda littafin injin ya ce ga mai amfani da biodizal.

Tsiyaye ruwan gindin filta da na tanki akai-akai, ka riƙa barin tanki a cike da dare don kada raɓa ta taru a bangonsa. Man da ya zube a kan fenti a goge shi nan da nan, domin yana ɗaye fenti, tsumman da aka goge da shi kuma kada a tara su a dunƙule, suna iya yin zafi su kama wuta da kansu. Ganga ta zauna a inuwa, a rufe, a yi amfani da B20 cikin wata shida. Janaretan ko-ta-kwana da ke kwana wata da watanni bai tashi ba, da tarakta da ake ajiyewa bayan kaka, bai kamata a bar su da haɗi mai ƙarfi a ciki ba. Kafin ajiya, zuba dizal zalla, ka bar injin ya yi aiki na rabin awa, har ya kore ragowar daga filta, famfo da injekta.